Kafin Ka Shimfiɗa Tabarma

Ɗana, 'yata, ku ba ni aron hankalinku.

Shekara 31 na yi riƙe da sitiyarin babbar mota a hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Sokode, ta bi Kara da Mango, ta wuce Dapango har bakin iyaka a Sinkase. Kafin nan na yi shekara 6 ina yaron mota. Ni ne mai dirowa da weji a hannu in mota ta fara ja da baya a hawan Alejo. Duk wanda ya tambaye ni abin da hanyar nan ta koya mini, nakan ce masa tsayawa. Taka mai kowane yaro ya iya. Sanin inda za a tsaya, da lokacin da za a naɗe tabarma a tashi, shi ke raba direban da ya tsufa cikin jikokinsa da wanda ake ba da labarinsa a tasha.

Maigidan da ya koya mini mota, Allah ya jiƙansa, yana da itatuwansa a hanya kamar yadda wani yake da gidajen sauka. Akwai wani maɗaci kafin a fara hawan dutse da ba ya taɓa wuce shi. Zai faka, ya buɗe wa inji ya sha iska, ya zagaya yana taɓa tayoyi da bayan hannu ɗaya bayan ɗaya, ya yi alwala, sannan ya miƙe a tabarma ya rufe fuska da hula. Ni kuwa ina gefe ina cika ina batsewa, don ga motocin da muka baro a baya suna wuce mu suna danna mana hon. Ran nan haƙuri ya ƙare mini na ce, "Maigida, an fa wuce mu." Ko hular bai ɗaga ba ya ce, "Ƙarfe ma yana gajiya, balle ɗan Adam. Jiki magayi." A wannan tafiyar, muna gangarowa wajen Bafilo, muka tarar da ɗaya daga cikin masu hon ɗin kwance a gefen hanya, tayoyi a sama, buhunan siminti a warwatse. Birki ya yi zafi ya ƙi kamawa. Maigidana bai ce mini uffan ba, ni ma ban ƙara yi masa maganar sauri ba.

Na tono wannan tsohon labari ne don yanzu da na ajiye mota na sami lokacin kallonku. Ina ganin ɗan zemijan, mai haya da babur, da ke fita tun kiran assalatu, ba ya komawa gida sai tsakar dare, in jiki ya yi ƙorafi ya toshe masa baki da ƙwayar taramol a cikin kofi. Ina ganin yarinyar da ke kan keken ɗinki tun safe har idonta ya daina ganin kafar allura. Ina kuma ganin wanda ya mai da gindin bishiya ofishinsa, tun hantsi inuwa na juyawa yana jan bencinsa yana binta har magariba. Shi wannan bai gaji ba balle ya huta, zaman kashe wando kawai yake yi. Sai ranar Salla ta zo dukkanku ku tashi ku rama hutun shekara a yini guda, irin ramuwar da kan ƙare a gadon asibiti. Ban ga laifinku sosai ba. An sa ku karatu, an sa ku sana'a, amma ba wanda ya zaunar da ku ya koya muku shan iska.

Alhali mu ne ya kamata mu fi kowa iya wannan abu. Ku dubi sunan unguwarmu mana. Zango ai masauki ne, inda ayari ke sauke kaya ya huta. Kakanninmu fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja sayen goro, ta wannan ƙasa wasunsu suke bi, kuma irin waɗannan baƙin 'yan kasuwa ne suka raya unguwar Didawure tun kafin Jamusawa su kafa bariki a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19. Can arewa ma cikakken sunan Mango shi ne Sansanne-Mango. Duk Bahaushen da ya ji ya san sansani ake nufi. Madugu kuwa ba ya sauke ayari inda ya ga dama. Sai ya duba ruwa, ya duba inuwa, ya aika a gai da mai ƙasa a nemi izini, ya lura da inda ɓarawo zai iya ɓullowa, kuma tun ba a kwance kaya ba ya riga ya yanke lokacin tashi. Wanda zai fita shan iska yau, a bayan unguwar Kpangalam ta Sokode ne ko a gefen Dapango, ƙaramin madugu ne, ko da ayarin nasa bai wuce shi da ƙannensa biyu ba.

Na san abin da za ku ce: "Baba, ina wurin zuwan?" Kuna gani a waya lambunan manyan birane, ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ga fitilu, ga ruwa na tashi sama, sai ku ji naku garin ba komai a cikinsa. Ni ma na taɓa shiga Bangr-Weoogo a Wagadugu lokacin da muke jiran lodi. Daji ne sosai a tsakiyar birni, faɗinsa ya haura hekta 200, ga hanyoyin ƙafa, ga kadoji kwance a bakin tafki. Ka biya 'yan kuɗi kaɗan ka shiga, ka manta a cikin gari kake. Ina fata magadan garuruwanmu su ware mana irinsa tun ba a yanke kowane fili an sayar ba. Bashi ne a kansu, kuma duk ranar da kuka sami bakin magana ku tuna musu. Amma fa wanda ya rantse ba zai ci tuwo ba sai da naman rago, da yunwa zai kwana.

Ku dubi abin da ke hannu. Sokode gari ne mai tuddai da ƙoramu. In damina ta zauna, hau kowane tudu da yamma ka ga yadda rufin kwano ya nutse cikin mangwaro da tik. Ga filin ƙwallo ran da ƙungiyar Semassi ke wasa, ko ran da mahaya ke sukuwa a bikin Gadao-Adossa. Mai hali da abokan tafiya, ga dajin Fazao-Malfakassa yamma da gari, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Togo, murabba'in kilomita 1,920. Ga tsagin Alejo, wanda tun da aka yi wa manyan motoci hanyar kewaye ya zama wurin da mutum zai tsaya a natse ya kalli ƙasa daga sama. Mutanen Dapango kuwa suna da abin da ban ga irinsa ba a duk yawona: kogon Nok, a jikin wani dogon dutse a yankin Tanjuware. Ta tsanin ƙarfe ake sauka, gwiwa na rawa, sai ka tarar da rumbunan laka sama da 100 a jere cikin tsagin dutse, inda mutanen ƙasar suke ɓuya da hatsinsu a zamanin hare-hare. Na san samarin da aka haifa a Dapango, sun haddace sunayen unguwannin Dubai, ba su taɓa taka wurin ba. Ko ba ka je ko'ina ba ma, inuwar darbejiya a ƙofar makaranta bayan yara sun tashi, da tabarma da butar shayi da abokin hira na kirki, ta wadatar.

To, in za a fita, a fara da duba rana. Bazarar Dapango ba abokiyar wasa ba ce. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 har ya ɗara. Mai son motsa jini a irin wannan lokaci ya fita bayan asuba, ko ya jira la'asar ta yi sanyi, kuma ya ɗauki ruwan da ya fi wanda yake zato zai sha. Da hunturu ciyawa ta zama auduga, garwashin shayin da ka bari yana hayaƙi ya isa ya cinye gonar wani. Ka zuba masa ruwa har ya daina ƙara kafin ka juya baya. Da damina in hadari ya haɗo, ka bar gindin doguwar bishiya ka nemi gini, don tsawa mai tsawo take nema. Cikin ciyawa kuma a sa takalmi rufaffe, ƙasar nan akwai kububuwa. Wanda tsautsayi ya faɗa wa a wuce da shi asibiti kai tsaye, kada a tsaya tsaga da tsotsa.

Maganar ruwa ce nake so ku ba ni lokaci a kanta.

Wata ƙaramar Salla ina gida, yaran unguwarmu su shida suka hau babura biyu suka tafi wani dam a bayan gari. A cikinsu akwai ɗan maƙwabcina, yaro mai fara'a, wanda in na dawo daga tafiya shi ke rugowa ya karɓi jakata. Kowa ya san ya iya iyo. A ƙorama ya tashi. Bayan la'asar sai ga ɗaya daga cikinsu a guje, bakinsa na rawa, magana ta ƙi fita. Da muka isa, ruwan kwance yake lumui kamar ba abin da ya faru. A bakin gaɓa ga sabuwar shaddarsa a ninke, ya ɗora dutse a kai don kada iska ta ɗauke. Ga sababbin takalmansa a jere, ya cusa safa a cikin kowanne. Yaro mai tsari haka. Ya yi tsalle daga kan wani dutse, laka ta riƙe masa ƙafa a ƙasa, abokansa suna tafi suna jira ya ɓullo, suna cewa dogon numfashi gare shi. Sai gab da magariba masunta suka fito da shi. Ni aka ba takalman in kai wa uwarsa. Na yi tuƙin dare a hanyoyin da ake tare mutane, na kwana a daji da mota a lalace, amma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin takalman nan ba.

Ɗana, ruwan dam daban yake da ƙoramar da ka saba. Ƙarƙashinsa laka ce da kututturan itatuwan da ruwa ya binne, kuma zurfinsa ba ya sallama: taku ɗaya kana iya gwiwa, na biyu ya shanye ka. Wanda bai iya ba yana tsoro, yana tsayawa a baki. Gwani ne ruwa ke ci. Dam ɗin Aleheride da na Dalwak kuma ruwan da Sokode da Dapango ke sha ne, don haka mai wanke babur ko yin wanka a ciki, cikin randar gidansu yake yi. Akwai kuma tsargiya. Muna yara in yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ya zama namiji. Ashe cuta ce: wata ƙaramar tsutsa da ke girma a jikin katantanwar ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga jiki ba ka ji ba. Akwai maganinta a asibiti, ba shi da wuya, amma in an bar ta shekara da shekaru takan lalata mafitsara. Ka je bakin ruwa, ka zauna, ka sha iskarsa, ka kalli tsuntsaye. In ka je Mango kallon dorina a kogin Oti, ka kalle ta daga inda mutanen wurin suka ce ka tsaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyar zuwa ma tana cin nata rabon. Daga kujerar direba nake gaya maka: tirela mai lodi ba ta tsayawa a inda aka taka birki, kuma in ka raɓo ta hannun dama ba na ganinka ko kaɗan. Mutum uku a babur ɗaya, ba hular kwano, ana tsere ana waige, wannan ba ya cikin shaƙatawa.

Idan ka isa, ka yi abin da madugu ke yi, ka nemi mai wuri. Baƙo ko da ido makaho ne. In ka ga kurmi a tsakiyar gonaki, an nome ko'ina an bar shi ba a taɓa ko reshe ba, akwai dalili. Kotokoli da Moba suna da wuraren da suke girmamawa tun kaka da kakanni, kuma ko addininka bai yarda da abin da ake yi a ciki ba, bai ba ka izinin shiga ka shimfiɗa tabarma kana fasa gyaɗa ba. Haka ɗorawa da kaɗanya da mangwaron da ka gani a fili, kowanne da mai shi, sau da yawa ma wata tsohuwa ce da kuɗin cefanenta ke rataye a rassan. Sallama da "Baba, ko za mu ɗan zauna a nan?" ba ta taɓa rage wa kowa tsawo ba. Sau nawa irin wannan gaisuwa ta jawo mini ƙwaryar ruwan sanyi da labarin da ba a rubuta a ko'ina ba. Af, tun da na ambaci Adossa: wuƙaƙen da kuke ganin mutanen Didawure suna gogawa a jiki ranar biki, abin gado ne mai shirinsa da masu shi. Ka yi kallo ka yi tafi, kada ka koma gida ka gwada da wuƙar girkin uwarka.

Ku na Dapango akwai ƙarin magana. Tun harin da aka kai a yankin Kpenjal a Nuwamban 2021, da dokar ta-ɓacin da aka kafa a jihar Savanes a Yunin 2022, fita bayan gari ta canja. Katin shaidarka ya kasance a aljihu. Ka faɗa a gida inda za ka, da wanda za ku, da lokacin dawowa. Kafin ka nufi Nok ko wani daji mai nisa ka tambayi waɗanda suka san halin da ake ciki a makon nan, kada ka dogara da labarin bara. In an tsayar da kai a shinge ka tsaya, ka kashe inji, ka yi magana a hankali. Sojan da ke wurin shi ma ɗan wani ne, kuma a tsorace yake kwana. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton soja ko sansaninsu. Rana na yin ja ka kamo hanyar gida. Matambayi ba ya ɓata.

'Yata, ban manta da ke ba, kuma a nan sai na fara da tuhumar kaina. Duk shekarun da na yi ina dawowa daga tafiya in wuce majalisa in miƙe ƙafa, ban taɓa tambayar kaina yaushe uwarku take hutawa ba. In ka gan ta zaune a inuwa, to, tsintar shinkafa take ko tsifar kan wata. Sai da ciwon ƙafa ya kama ta, likita ya ce ta riƙa tafiya da yamma, muka fara zagayawa tare. Ran farko da muka hau wani tudu ta tsaya ta daɗe tana kallon garin, ta ce shekara 40 tana cikinsa ba ta san haka yake ba. Kunya ta kama ni. Don haka iskar nan da ke da rabo a cikinta. Ki nemi izini a gida, ki haɗa 'yan'uwanki da ƙawayen da kika yarda da tarbiyyarsu, ku fita da rana, ku zauna inda idon jama'a yake. Saurayin da ba ya son hira da ke sai a lungun da ba fitila, ko bayan wani kurmi, ki tambaye shi ko ya ɓatar da hanyar ƙofar gidanku ne. Mai nufin alheri ba ya gudun a gan shi. Abin sha kuma ki saya da hannunki, a buɗe a gabanki.

Kai kuma ɗana, da yawa daga cikin 'yan matan nan bakinku ne ya hana su fita. Ku jeru a benci, duk wadda ta gifta sai an yi mata fito, an auna ta daga sama har ƙasa. Ƙanwarka ma ta gaban wani benci take wucewa. Ranar da ba ka aiki, ɗauki ƙannenka, in ta yarda har da mahaifiyarka, ka kai su inda za su ga sarari. Za ka sha mamakin hirar da za ta fito daga bakin tsohuwa in ta bar gaban murhu.

Shan iska ba ya bukatar bashi. Na ga yaron da ya ari riga, ya ari babur, ya ranci kuɗi, don dai ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ya yi wata guda yana ɓuya daga masu binsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Da sefa 500 za ka sayi gyaɗa da bisaf mai sanyi, in Allah ya buɗa a ƙara da tsinken cicinga, yamma ta yi kyau. Wayar ma a ɗan sa ta a aljihu. Nakan ga samari biyar a inuwa ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai kan tafin hannunsa, ba mai ce wa wani ƙala. Da sun zauna a ɗaki ma da sun huta da kuɗin mai. Mai son kiɗa ya tuna kunnen da ke tabarmar kusa bai roƙe shi ba, wataƙila ma mutumin ya gudo wa hayaniyar kasuwa ne. Sannan ka lura da waɗanda kake zama da su. Majalisar da ta fara da shayi ta koma shisha, daga shisha ta koma ƙwaya da karta ta kuɗi, ba rana ɗaya take juyawa ba, a hankali take zamewa kamar mota a kan laka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Saura abin da ya fi ci mini rai. Je ka kowane wurin da aka yi taron Salla washegari da safe: ledar fiyawata da baƙar leda sun rufe ƙasa kamar an shuka su, awaki na ci suna kumbura, saura kuma ruwan farko ya kwashe ya toshe magudana. Tun 2011 gwamnati ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma doka ba ta da hannun da za ta sunkuya ta tsince wadda ka yar. Dubi maɗatan bakin hanya yadda masu neman magani suka saɓule musu ɓawo. In ka ɗebi kaɗan ta gefe ɗaya itacen zai warke. In aka zagaye shi, an yanke masa hanyar abinci ke nan, sai ya bushe a tsaye. Malamanmu kuma sun sha jan kunne a kan mai biyan bukatarsa a inuwar da mutane ke hutawa, har yau ba mu ji ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ke sa mutum ya ɓata wurin da shi da kansa zai dawo gobe. Amsar da na samu a hanya na same ta. A shekarun 1980, in za mu ratsa dajin Keran tsakanin Kante da Mango, sai mun rage gudu, don namun daji na tsallaka titi, kuma wanda ya buge ɗaya ya shiga uku. Kudu da Dapango, a gandun da ake kira Ramin Zakuna, wanda aka keɓe tun 1954, da idona na ga giwaye daga kan kujerar mota. Amma an faɗaɗa wasu gandayen nan ne ta hanyar tashin ƙauyuka daga gonakin kakanninsu, giwa ta ci hatsin mutum ba shi da bakin magana. Da rikicin siyasa ya ɓarke a farkon shekarun 1990, mutane suka koma ciki da gatari da bindiga, suka huce haushin shekaru a kan dabbobi da itatuwa. Yau yaron Dapango sai dai ya ga giwa a waya. Wurin da mutane suka ɗauka na gwamnati ne, ranar da mai gadi ya juya baya ta ƙare masa. Bencin siminti da aka kafa a dandali, da fitilar da ke kansa, da ɗan itacen da aka kewaye da waya, in kuka ce na magajin gari ne, ba za su shekara ba. Kuma lalacewa ba ta da wuyar juyawa in an so: lambun Azhar na birnin Alƙahira, wanda aka buɗe a 2005, a kan jujin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba wa shara aka yi shi.

Tsofaffin itatuwan tik da mangwaron da muke taƙama da su a Sokode, asalin wasunsu tun zamanin Jamus ne, kuma talakawan ƙasar nan ne suka haƙa ramukan, da yawa a bisa tilas. Ba su sha inuwar ba, mu muka sha. Tun 1977 kowace ranar 1 ga Yuni ake bikin dashen itace a Togo. Na halarci da yawa: a zo da manyan riguna, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Damina ta raine su, rani na shigowa akuya ta gama da abin da ƙishirwa ta rage. Dashe ba shi da wuya, rainon rani biyu na farko shi ne aikin.

Akwai wani tsohon ladan a unguwarmu, ya rasu da daɗewa. Wata shekara ya samo ɗan darbejiya bai fi tsawon hannu ba, ya dasa a gefen masallaci, ya kewaye shi da ƙaya da wani tsohon kwando marar gindi. Ba shi da kuɗin sayen ruwa, sai ya mai da wurin alwalarsa gindin itacen. Sau biyar a rana yana tsugune a wurin da butarsa, ruwan da ya zubo daga hannunsa da fuskarsa ya gangara cikin ramin. Yara muna yi masa dariya, muna cewa Baba Ladan na yi wa itace wanka. A ƙarƙashin darbejiyar nan aka yi masa salla, a nan aka ɗaura aurena, kuma a nan nake zaune yanzu nake rubuta muku wannan, wani ɗan zemijan ya jingine babur ɗinsa yana barci a kan benci, baki buɗe. Ban tashe shi ba.

Bana na dasa uku a bakin filin da yara ke buga ƙwallo, maɗaci ɗaya da mangwaro biyu. Akuya ta riga ta cinye mangwaro ɗaya. Gwiwoyina ba sa ɗaukar jarka yanzu, ga hunturu ya kusa. Ran Juma'a bayan la'asar ina wurin; wanda zai zo ya taho da jarka cike, wani kuma ya samo mana ƙaya.